Kai Ƙarar Wanda Ba A Sani Ba: Doka, 'Yan Sanda da Muzgunawa ta Intanet a Nijeriya

 

GABATARWA

Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Watau abu biyu ne ke riƙe mutum daga aikata ɓarna: in yana cikin waɗanda suka san shi, kunya ta hana shi, in kuwa ya fita inda ba a san shi ba, tsoro ya tsare shi. To, intanet wani fage ne da mutum zai iya shiga ba kunya, domin ya ɓoye sunansa, kuma ba tsoro, domin yana zaton ba mai iya cim masa. Daga nan ne matsalar da za mu tattauna a yau ta samo asali. Mutum na zaune a ɗakinsa sai saƙo ya shigo wayarsa daga lambar da bai sani ba, ko daga wani shafi na Facebook ko TikTok ko Instagram mai sunan bogi, ana zaginsa, ko ana yi masa barazana, ko ana neman kuɗi a wurinsa don kada a tona masa wani asiri. Yau a aiko, gobe a aiko, har barci ya ƙaurace masa.

Tambayar da irin wannan mutum yakan yi ita ce: yaya zan kai ƙarar wanda ban sani ba? Amsar da nake so in kafa a wannan lacca ita ce, rashin sanin sunan mai laifi ba ya hana kai ƙara, domin gano shi aikin hukuma ne. Abin da ke wuyan wanda aka zalunta abu uku ne: ya san sunan laifin da aka yi masa a doka, ya adana hujjarsa tun ba ta salwanta ba, ya kuma kai kokensa a rubuce ga ofishin da ya dace. Waɗannan ukun za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

WANE LAIFI AKA YI?

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa ba a hukunta kowa sai a kan laifin da rubutacciyar doka ta ambata, ta kuma yanka masa hukunci. Saboda haka ba kowane abin ɓacin rai ne laifi ba. Wanda ya je caji ofis ya ce, "Wani yana damuna a waya," lalle ya faɗi gaskiya, amma bai ba ɗan sanda abin kamawa ba. Wanda kuwa ya ce, "Wani ya aiko mini saƙo sau tara cikin mako biyu yana cewa ya san ɗakin kwanana, kuma zai illata ni," to, wannan ya kawo laifi mai suna da sashe.

Doka ta farko da za mu duba ita ce Dokar Laifukan Intanet, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na 2015. Sashe na 24 shi ne ya shafi batunmu, kuma yana da rassa biyu da ya kamata a rarrabe.

Reshe na farko, kamar yadda aka rubuta shi a 2015, yana da faɗi ƙwarai. Ya haramta aika saƙon batsa ko na cin mutunci, da saƙon ƙarya da aka aika don a ɓata wa wani rai ko a zage shi ko a jefa shi cikin damuwa. Hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko duka biyu. Wannan faɗi shi ya jawo masa suka, domin masu iko sun mayar da shi bulalar dukan 'yan jarida da masu sukar gwamnati. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020, ta sake yankewa a 2022 a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. A watan Fabrairu na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyaran dokar. Bayan gyaran, reshen ya tsaya a kan abu biyu kawai: saƙon batsa, da saƙon da mai aikawa ya san ƙarya ne, ya kuma aika shi don ya ta da zaune tsaye ko ya jefa rai cikin haɗari. A lura da wannan da kyau, domin da yawa daga cikin jama'a, har da wasu jami'ai, suna nan suna aiki da tsohon karatu. Zagi tsagwaronsa ya fita daga wannan reshe.

Reshe na biyu kuwa shi ne garkuwar wanda ake muzguna wa. Ya haramta aika saƙon tsangwama ko barazana wanda zai sa mutum ya ji tsoron mutuwa ko duka ko rauni, haka nan barazanar sace mutum ko neman fansa. Hukuncin wannan ɗaurin shekara 10 ne, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 25 ba, ko duka biyu. Wanda kuma ya yi barazanar ɓata wa mutum suna ko dukiya don ya tatsi kuɗi a wurinsa, hukuncinsa shekara 5 ne, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 15 ba, ko duka biyu. Bugu da ƙari, sashen ya ba kotu ikon ba da umurnin wucin gadi na kāre wanda aka zalunta tun shari'a ba ta ƙare ba. Akwai kuma sashe na 22, wanda ya shafi mai shiga rigar wani, alal misali wanda ya buɗe shafi da sunanka da hotonka don ya yaudari mutane. Da sashe na 23, wanda ya shafi hotunan batsa na yara. Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron laifukan da ke cikin wannan doka.

Doka ta biyu tsohuwa ce, amma ba ta tsufa da aiki ba. Ina nufin kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kot, wanda Majalisar Jihar Arewa ta zartar a 1959, ya fara aiki a 1960. An ɗauko tsarinsa daga kundin ƙasar Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860. Sashe na 391 da na 392 sun yi magana a kan ɓata suna, da ɗaurin da zai iya kai shekara 2. Sashe na 396 da na 397 sun yi magana a kan tsoratarwa, da ɗaurin shekara 2, ko har 7 in barazanar ta kisa ce ko ta mummunan rauni. Sashe na 399 ya shafi zagin da aka yi da gangan don a tunzura mutum, na 400 kuwa ya shafi kalma ko ishara ta keta mutuncin mace. Amma wanda ya fi dacewa da batunmu shi ne sashe na 398, wanda ya ƙara hukunci a kan mai tsoratarwa ta hanyar saƙon da ya ɓoye sunansa. Waɗanda suka rubuta wannan sashe wasiƙar gidan waya marar sa hannu suke nufi, ba su taɓa ganin wayar hannu ba. Duk da haka sun gane cewa ɓoye suna ƙarin mugunta ne, domin wanda bai san maƙiyinsa ba kowa yake tsoro. Sai dai a kula: wasu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sabunta kundinsu, lambobin sassan sun canza. Jihohin da suka kafa kundin hukunci na shari'ar Musulunci daga shekarar 2000 suna da nasu tanadi game da ƙazafi da zagi, jihohin Kudu kuma da nasu kundin dabam suke aiki. Amfanin wannan hanya ta biyu shi ne, kotun majistare na iya sauraron ƙarar, ba sai an dangana da Babbar Kotun Tarayya ba.

Doka ta uku ita ce Dokar Hana Cin Zarafin Mutane, ita ma ta 2015. Sashe na 17 ya haramta bibiyar mutum, na 18 ya haramta tsoratarwa, kuma dokar ta ba wanda ake zalunta damar neman umurnin kāriya daga kotu. Asalinta ta Birnin Tarayya Abuja ce, inda hukumar NAPTIP ke kula da aiwatar da ita, amma akasarin jihohi sun kafa irinta. Sai mutum ya bincika ko jiharsa na cikinsu.

ADANA HUJJA

Yanzu sai mu juya ga abu na biyu. Abin da mutum yakan fara yi in ya ga mummunan saƙo shi ne ya goge shi, ya toshe mai aikowa, don zuciyarsa ta huta. Wannan ɗabi'a ce ta ɗan Adam, amma a wajen shari'a tamkar share sawun ɓarawo ne kafin masu bin sawu su iso. A fara adanawa, sa'an nan a toshe.

Me za a adana? Da farko, hoton fuskar waya wanda ya nuna saƙon, da sunan mai aikowa, da rana, da lokaci. Na biyu, cikakken adireshin shafin, domin sunan da ke bisa shafi ana iya canza shi cikin minti ɗaya. Na uku, lambar wayar da aka yi amfani da ita, da duk wani saƙon murya. Na huɗu, in an nemi kuɗi, lambar asusun banki da sunan bankin. Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace saurin kai wa ga mai laifi, tun da yake kowane asusu a haɗe yake da lambar BVN ko ta NIN. Na biyar, ɗan littafi da za a riƙa rubuta kowane saƙo da ranarsa, saboda maimaici shi ke nuna cewa bibiya ce, ba ɓacin rai na rana ɗaya ba. Daga ƙarshe, a riƙe wayar kanta: kada a sayar, kada a wanke ta.

Dalilin wannan tsanani yana cikin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Sashen ya yarda a karɓi abin da kwamfuta ko waya ta fitar a matsayin shaida, amma da sharaɗin a bayyana na'urar, a tabbatar tana aiki daidai a lokacin, ko da baki ko ta takardar shaida mai sa hannu. A shari'ar Kubor da Dickson, wadda ta taso daga zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga shafukan intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. To, in masu neman kujerar gwamna da manyan lauyoyinsu sun yi tuntuɓe a nan, ina ga ɗalibi?

Gargaɗi biyu a wannan gaɓa. Na ɗaya, kada a rama. Wanda ya mayar da barazana da barazana ya ba abokin gabarsa makami, har ma yana iya wayar gari shi ne ake tuhuma. Na biyu, in abin ya shafi hoton tsiraicin yaro ko yarinya, kada a tura wa kowa, ko da da niyyar neman taimako ne, domin yaɗa shi laifi ne mai zaman kansa. Wayar za a ɗauka a kai wa hukuma.

INA ZA A KAI KOKE?

Sashe na 4 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya ɗora wa rundunar alhakin hana laifi, da gano shi, da kāre rayuka da dukiyoyi. Saboda haka kowane caji ofis wajibinsa ne ya karɓi ƙara, kuma in barazanar ta rai ce, nan ne wurin zuwa nan take, ba jira. A tabbata an shigar da ƙarar cikin littafin ofis, a kuma rubuta sunan jami'in da aka ba binciken. Sai dai gaskiyar magana ita ce, ƙaramin ofishi ba shi da kayan bin sawun lambar waya ko shafi. Don haka ya fi kyau a rubuta takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, wanda zai miƙa ta ga sashen binciken manyan laifuka. Ko kuwa zuwa ga Cibiyar Yaƙi da Laifukan Intanet ta rundunar, mai hedkwata a Abuja. In akwai damfara ko tatsar kuɗi a ciki, hukumar EFCC ma na da hurumi.

Takardar koke ba ta bukatar dogon Turanci, kuma ba dole sai lauya ya rubuta ba, ko da yake taimakonsa na da amfani. Ta ƙunshi sunan mai koke da adireshinsa. Abin da ya faru bi da bi, da ranaku. Ainihin kalmomin barazanar kamar yadda aka aiko su. Lambobi da adireshin shafukan. Irin tsoro ko hasarar da abin ya jawo. Sa'an nan roƙon a bincika a gurfanar da mai laifi. In ana zargin wani, a ce zargi ne, a faɗi dalili, kada a yanke hukunci, domin ba da labarin ƙarya ga hukuma shi ma laifi ne. A yi kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa a kan ɗaya a riƙe. Wannan hatimi shi ne shaidar cewa hukuma ta sani.

Akwai kuma wata ƙofa da aka daɗe ana amfani da ita a Arewa, watau kai ƙara kai tsaye gaban majistare. Alƙali na iya umurtar 'yan sanda su bincika su kawo masa rahoto, umurnin kotu kuwa ya fi roƙon talaka nauyi. Game da ƙarar neman diyya saboda ɓata suna, wannan sai an san wanda za a kai wa sammaci, don haka takan biyo bayan bincike ne.

YADDA AKE GANO MAI ƁOYE SUNA

Wani zai ce, to, ta yaya za a gano shi? Sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ya wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar saƙonni har shekara 2, su kuma ba hukuma in ta nema bisa ƙa'ida. Tun daga watan Disamba na 2020 gwamnati ta umurci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN. Saboda haka wanda ya yi amfani da layin Nijeriya ko asusun bankin Nijeriya ya bar sawu. Wa'adin nan na shekara 2 kuma shi ne dalilin da ya sa jinkiri ke da haɗari.

Inda wahala take shi ne shafukan da kamfanoninsu ke ƙasashen waje. Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, a Amurka yake, kuma ba ya ba mutum bayanin wani mutum. Hukuma ce za ta nema ta hanyar da aka tsara, wannan kuwa yakan ɗauki lokaci. A 2022 Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Budafes ta yaƙi da laifukan intanet, wadda ta tanadi taimakon juna tsakanin ƙasashe wajen adana bayanai da miƙa su. Cewa ana iya gano mai ɓoye suna ba tatsuniya ba ce. A 2023 Nijeriya ta miƙa wa Amurka wasu 'yan'uwa biyu daga Legas waɗanda suka yi wa wani saurayi a jihar Mishigan barazana da hotonsa har ya kashe kansa. A 2024 aka ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi. A watan Yuli na shekarar kuma Meta ya ba da sanarwar rufe shafukan Instagram wajen 63,000 a Nijeriya saboda irin wannan sana'a. Darasin da ke ciki guda biyu ne. Na farko, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na biyu, wannan ba wasan yara ba ne, abu ne da ke cin rai. Duk wanda aka ritsa da irin wannan barazana kada ya biya, domin biya ba ya kashe wutar, ƙara mata itace yake yi. Kuma kada ya haɗiye abin shi kaɗai saboda kunya.

IN AKA YI BIRIS DA KOKE

Ba boyayyen abu ba ne cewa wani lokaci mai koke yakan gamu da sanyin jiki, ko a ce masa ya je ya kashe wayarsa, ko a nemi ya kawo kuɗin mai. Mace kuma takan gamu da tambayar da ta fi saƙon ciwo: me ya kai ki? Doka ba ta san wannan tambaya ba. Laifin mai barazana ba ya raguwa don wadda ya yi wa ta sa hotonta a shafi, kamar yadda laifin ɓarawo ba ya raguwa don mai gida ya bar taga a buɗe. Wanda aka yi biris da kokensa yana da matakai: ya rubuta wa na gaba da jami'in, daga DPO zuwa Kwamanda na yanki, zuwa Kwamishina, ya kai kuka Sashen Karɓar Koke-koke na rundunar, wanda aka kafa a 2015, ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, ko Hukumar Kāre Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. A duk waɗannan wurare, takardar nan mai hatimi ita za ta yi masa magana. Ɗalibi kuma ya sanar da ofishin kula da harkokin ɗalibai da sashen tsaro na jami'a, domin sau da yawa wanda ake zaton baƙo ne yakan zamo na kusa, wanda ya san aji da ɗakin kwana.

KAMMALAWA

Shugaba, ranka ya daɗe, kafin in zauna ina da kalma ɗaya ga ma'aikatan gwamnati, da ɗaliban da gobe za su gaje su. Sashe na 39 na Tsarin Mulki ya ba kowa 'yancin faɗar ra'ayinsa. Wanda ya rubuta cewa ma'aikatarku ba ta gyara hanya ba, ko ta jinkirta albashi, bai muzguna muku ba, ko da kuwa ya yi da kakkausan harshe. Amsarsa bayani ne, ba ɗan sanda ba. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ya hana kama mutum a kan saɓanin da ba na laifi ba, sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani. Duk lokacin da babba ya tura jami'an bincike su kamo mai sukarsa, to, ya janye su ne daga kan ƙarar wata yarinya da ake yi wa barazanar gaske, ya kuma ƙara wa jama'a shakkar dokar da aka yi don kāre su.

A taƙaice, wanda ake muzguna wa ya tambayi kansa abu uku: wane laifi aka yi mini a doka, ina hujjata, kuma wa na rubuta wa? In ya amsa su, ya sauke nasa nauyin, saura na hukuma, kuma yana da ikon ya bi ta har ta sauke.